Daga Samaru Zuwa Gonakinmu: Wa Ke Biyan Kuɗin Bincike?

A wannan makon za mu waiwayi tarihin irin da ake shukawa a gonakin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken noma a Samaru, Zariya. Hankalinsu ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, domin su masana'antun Ingila ke buƙata. Tun daga nan muka ga cewa mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓar tambayar da za a amsa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai tashar ta koma ƙarƙashinta, ta zama cibiyar IAR.

A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa. Manoma da yawa suka haƙura da gyaɗa. Samar da iri mai jure cuta kuwa aikin shekaru ne: a haɗa iri da iri, a gwada damina bayan damina, a zubar da wanda bai yi ba. Ɗan kasuwa ba ya jiran riba haka, shi ya sa nauyin ke kan gwamnati. Daga irin wannan haƙuri aka samu gyaɗar SAMNUT, masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG, da waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsar kwanso. Tashar cibiyar da ke Kadawa kuma tana gwajin noman rani da ruwan madatsar Tiga.

A yau kuɗin na zuwa ta kasafin gwamnatin tarayya, hukumar ARCN na daidaita ayyukan cibiyoyin noma. Akwai kuma TETFund, wadda ta samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, lokacin da aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Malami kan rubuta abin da zai bincika, masana su tantance, sannan a saki kuɗin kashi-kashi. Idan kuɗin suka makara har damina ta wuce, gwajin shekara guda ya tafi ke nan.

Yawancin sakamakon nan da Turanci yake, manomin Dangora kuwa da Hausa yake tambaya. Wane ne a cikinmu zai je Kadawa ya rubuto masa?