Steamboy: Fim Ɗin Da Sunan Yayansa Ya Danne

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani fim ɗin katun na ƙasar Japan mai suna Steamboy, da irin tarbar da masu sharhi suka yi masa.

A shekarar 1988 Katsuhiro Otomo ya fitar da Akira, fim ɗin da ya sa Turai da Amurka suka fara ɗaukar katun ɗin Japan da muhimmanci. Daga nan aka zuba ido ana jiran babban aikinsa na gaba. Shekara goma ya yi a kan Steamboy, da zane sama da 180,000 da kuɗi kimanin yen biliyan 2.4. A lokacin babu katun ɗin Japan da ya taɓa cin kuɗi haka. Sai a watan Yulin 2004 ya fito.

Labarin a Ingila yake, a shekarar 1866, zamanin injin tururi. Wani yaro ɗan Manchester, Ray Steam, ya karɓi wata ƙwallon ƙarfe da kakansa ya aiko, mai ɗauke da tururi mai ƙarfin gaske. Kakan yana cewa ilimi na amfanin ɗan Adam ne, uban kuma ya haɗa kai da dillalan makamai na Amurka. Rigimar ta kai su Landan, yaro yana tsakiya.

To, me masu sharhi suka ce? Bakinsu ya zo ɗaya a kan kyan zanen: hayaƙi, bututu, ƙarafa da tsoffin gine-ginen Landan. Amma da yawa sun ce labarin bai kai zanen ba, wai rabin ƙarshe duk fashe-fashe ne da rushe-rushe, mutanen ciki kuwa ba su shiga rai. Fim ɗin ya ci kyautar katun mafi kyau a bikin Sitges na Sifaniya a 2004, sai dai a kasuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A Japan abin da ya tara bai kai kuɗin da aka kashe ba, alhali Howl's Moving Castle na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a Nuwamban shekarar, ya tara yen biliyan 19.6. Da aka kai shi Amurka a Maris ɗin 2005, sai aka datse kusan minti 20 daga na Turancin, duk da an sa muryoyin Patrick Stewart da Anna Paquin.

Ni a ganina, masu sharhin sun yi gaskiya a kan tsawon faɗan ƙarshe. Inda ban bi su ba shi ne ma'aunin. Kusan kowa da Akira ya auna shi, alhali wancan fim ne mai duhu da jini na manya, wannan kuwa labarin jarumtar yaro ne. An shiga sinima ana neman yayan, aka tarar da ƙanen, sai aka ce bai iya ba. A cikin wannan hayaniyar aka wuce tambayar da Otomo ya ajiye: in mai ilimi ya ƙera abu, wa ke da shi, mai ƙirar ko mai kuɗin da ya ɗauki nauyinsa? Wanda ya samu cikakken na Japananci, mai minti 126, ya kalla ya yanke nasa hukuncin.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.