Zangarniya da kan sa: tambarin Nijar a idon mutumin Dakoro

Duk takardar hukuma da ta shiga hannun ɗan Nijar, kama daga takardar haihuwa zuwa shaidar jarrabawa, tana ɗauke da alamar ƙasa. Sai dai yawan gani yakan dushe ido, har mutum ya daina tambayar ma'anar abin da ke gabansa.

Alamomin Nijar sun zo ne ɗaya bayan ɗaya. An kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958. Ranar 23 ga Nuwamba 1959 majalisa ta amince da tuta mai ruwan goro da fari da kore, da rana a tsakiya, watanni kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. A 1961 aka samu taken ƙasa, La Nigérienne, wanda Bafaranshe Maurice Albert Thiriet ya rubuta baitocinsa. An daɗe ana sukarsa cewa yana da ƙanshin godiya ga ɗan mulkin mallaka, har majalisar dokoki ta sauya shi ranar 22 ga Yuni 2023. Shi kuwa tambari, wanda aka tsayar a 1962 zamanin shugaba Diori Hamani, ya tsallake juyin mulki da sauyin kundin tsarin mulki, yana nan daram.

Me ke cikinsa? Garkuwa ce da tutoci huɗu suka rungume. Rana tana tsakiya. A gefe guda mashi ne tsaye da takubban Abzinawa biyu a gicciye, a ɗaya gefen zangarnun hatsi uku, a ƙasa kuma kan sa mai ƙaho. Tsarin garkuwar aro ne daga al'adar sarakunan Turai, amma kayan cikinta namu ne. Ƙasashe da dama sun zaɓi zaki ko gaggafa don nuna ƙarfi. Magabatanmu suka ɗora abincin talaka da dukiyarsa kusa da makami.

Mutumin Dakoro ba ya bukatar tafinta a nan. Ranar kasuwa zai ga Bagobiri da damen hatsinsa, Bafillace da jajayen shanunsa masu dogon ƙaho, da Buzu mai takobi a rataye. Tambarin kamar hoton wannan kasuwa ne. Amma shekara guda kafin a haɗa zangarniya da kan sa a garkuwa ɗaya, hukuma ta ja layi tsakaninsu a ƙasa. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa: abin da ke bayan layin na kiwo ne, kuma wanda ya yi gona a can ba shi da diyya idan dabbobi suka yi masa ɓarna. A yankinmu, kwarin Tarka ake ɗauka a matsayin wannan iyaka.

Layin bai tsaya inda aka ajiye shi ba. Jama'a ta ƙaru, ƙasar kudu ta gaji, farin 1973 da na 1984 suka karkashe garkuna, har makiyaya da yawa suka ɗauki hauya. Gonaki suka yi ta hawa arewa, burtali ya ƙuntata, mashaya ta zama abin jayayya. Jahar Maraɗi ta ɗanɗana ƙarshen wannan hanya a Toda, cikin Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince da ƴancin makiyayi na yawo da dabbobinsa, ƙoƙari ne na mayar da abin da tambari ya zana ya zama haƙƙi a gaban alƙali.

Saboda haka ya dace mu karanta tambarin a matsayin alkawari. Wanda ya zana shi bai ɗora sa bisa hatsi ba, bai kuma sa hatsi ya ture sa ba. Rana guda ke haska su. Haka abin yake a gona: bayan girbi shanu su ci kara su bar taki, fura kuwa ba ta cika sai an dama hatsi da nono. Kirarin ƙasa ma da zumunci ya fara, kafin aiki da ci gaba.

Kira a nan ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne kada darasin alamomin ƙasa ya tsaya ga haddar launuka da ranaku. Tun da kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, mu sa yara su kira kowane sashe na tambarin da sunansa, da Hausa da Fillanci da Buzanci, sa'annan mu tambaye su inda burtalin garinsu ya bi, da ko yana nan buɗe. Ɗan manomi da ɗan makiyayi da ke zaune benci guda a ajin Dakoro su ne za su raba iyakar gona da makiyaya nan gaba.