Yaron da ba shi da sarki

A tsarin sarautar ƙasar Hausa, nakasa ma tana da fada. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kuma ba sarautar wasa ba ce. Da rawani ake naɗa su, suna sasanta rigimar mutanensu, suna raba abin da ya samu na sadaka, baƙon makaho in ya shigo gari a wurinsu yake sauka. Ba wai rayuwar ta yi daɗi ba, tunda bara ce ginshiƙinta, amma mutum ya san ƙofar da zai kai kukansa.

Wanda bai taɓa samun ƙofa ba shi ne yaron da jikinsa lafiya ƙalau, ido garau, ƙafa da ƙarfi, amma ya shekara uku ko huɗu bai ce "Inna" ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ƙarar injin niƙa daga bayan layi ta sa shi toshe kunne yana ihu. Yau likitoci da gidajen rediyo suna ce wa wannan lalura galahanga. A dā kuwa sai a ce shafar aljanu ce, ko mayu sun kama shi, ko uwar ta yi wanka da almuru tana da cikinsa. In abin ya yi tsanani a ce ɗan ruwa ne, an musanya shi, kuma mun taso muna jin labarin yadda ake kai irinsu bakin rafi a ajiye. Maganinsa rubutu, tofi, hayaƙi, wani lokaci 'yan bori. In duk an gaji, sai a rufe shi a ɗaki ranar da za a yi baƙi.

Zuwan Turawa bai buɗe masa ƙofar ba. Abin da ya dami gwamnatin mulkin mallaka game da taɓin hankali shi ne mahaukacin da ke tayar da hankalin kasuwa. Saboda shi aka buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907, aka kafa dokar tsare mahaukata a 1916. A Arewa galibi gidan yarin En'e ne asibitin, mari ne maganin. Dokar ta 1916 aka yi wa kwaskwarima a 1958, kuma da ita Najeriya ta ci gaba da aiki sama da shekara 60 bayan samun 'yanci.

Mishan kuwa inda sarakunan nakasassu suke, nan suka dosa. A shekarun 1930 suka kama aikin kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, a 1953 makarantar makafi ta Gindiri. Aiki ne na alheri, ba mai musu. Sai dai duk lalurori ne da ido ke gani, waɗanda za a ɗauki hotonsu a aika gida a nemi taimako. Yaro kyakkyawa da ke zaune a gefe yana jujjuya murfin kwano, me za a nuna a hotonsa?

A waccan shekarar ta 1943 ne wani likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga halinsu ya zo ɗaya: ba sa shiga cikin mutane, harshensu ya makara ko ya zama maimaita abin da aka faɗa musu, kuma ba sa ƙaunar a sauya musu tsari ko kaɗan. Su ma can ba su tsira daga neman mai laifi ba. An shafe shekaru ana cewa rashin ɗumin uwa ne ke jawo lalurar, wato dai abin da surukai ke faɗa a nan, an sa masa rigar boko. Bincike ya rushe wannan magana, ya nuna cewa gado da yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki su ne kan gaba. Yaron farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ya yi karatu, ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, kuma mutanen ƙaramin garinsu sun riƙe shi a matsayin nasu.

Wannan riƙon na gari shi ne abin da wani ɗan Najeriya ya so ya gina asibiti a kansa. Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila a 1954 ya karɓi asibitin Aro a Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su zo asibiti, da yamma su koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, abin da ya ɓata wa wasu abokan aikinsa rai. Duniya ta yaba, shi kuma ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A ganina da an ɗauki tsarin Lambo da gaske an faɗaɗa shi zuwa yara, da yau ba wannan maganar muke ba, domin abin da yaro mai galahanga ke bukata bai wuce wannan ba: a koya wa uwa da malami yadda za su bi da shi a inda yake rayuwa. Amma abin da muka gada daga Aro gini ne da katanga. Na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, duk asali manya aka yi wa su, kuma sunansu kaɗai ya isa ya sa uba ya rantse ɗansa ba zai taka wurin ba.

Akwai kuma wani lokaci da masana suka yi ta cewa galahanga cutar Turawa ce. A 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya fitar da sakamakon zagayen da ya yi a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Ghana. Ya duba yara sama da 1,300 a gidajen kula da masu raunin ƙwaƙwalwa, ya sami tara da suka cika sharuɗɗan. Tara kaɗan ne, amma a gidajen kulawa ya nema, yaranmu kuwa suna ƙuryar ɗaki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 a duniya. Kowa ya ƙirga yaran layinsu.

Ni a zamanin Olikoye Ransome-Kuti na shiga aikin lafiya. Likitan yara ne, ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma shi ya cusa mana kiwon lafiya matakin farko: rigakafi, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono, awon nauyi. Ya ceci rayuka masu yawa, ba zan taɓa rage masa wannan ba. A 1991 ma an rubuta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa ta shiga cikin ayyukan ƙananan asibitoci. A takarda ta shiga. A ɗakin awo kuwa abin da ke gabanmu sikeli ne da kati. Mu rataya yaro, mu ɗiga alama a kan layi, in layin na hawa mu ce madalla. Ba wanda ya koya mana mu tambayi uwa ko yana nuna abu da yatsa, ko yana kallon idonta in tana shayar da shi. Ga kuma inda gizo ke saƙar: allurar ƙarshe a wata tara take, ta ƙyanda da shawara, daga baya aka ƙara wata a wata 15. Alamomin galahanga kuwa sun fi fitowa fili tsakanin wata 18 da shekara biyu, daidai lokacin da yaro ya daina zuwa wurinmu. A Amurka a waɗannan watannin ne likitocin yara ke yi wa iyaye 'yan tambayoyin tantancewa, waɗanda ba su cin minti goma.

Wata rana wata mata ta zo da goyo, ga kuma yayansa ɗan shekara uku da rabi tana riƙe da hannunsa. Tana sakinsa ya tafi ƙarƙashin benci, ya zazzage marafan lemo daga aljihu, ya jera su a layi, ja da ja, kore da kore. Wata yarinya ta ture guda da ƙafa. Ya fasa ƙara, yana buga goshinsa da siminti, har sai da uwar ta mayar da murfin daidai inda yake. Ta ce, "Malama, har yanzu bai yi magana ba. Babansa ya ce kurma ne, amma wallahi ko ledar biskit aka taɓa a ɗaki yana ji." Kafin in buɗe baki surukarta ta amsa: "Ke dai kin cika ƙorafi. Namiji ne, nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Na rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Bayan wata biyu ta dawo rigakafin ƙaramin, ta ce an duba kunne an ce lafiya, an tura su wani sashe, can aka ba su ranar dawowa bayan wata huɗu, kuɗin mota kuma ya ƙare. An shawarce su su kai shi makarantar kurame.

Wannan shawarar ta yawaita a Arewa, kuma tana da dalili. Sanƙarau, musamman annobar 1996, da ƙyanda sun bar mana kurame da yawa, don haka duk yaron da bai yi magana ba kurma ake fara ɗaukarsa. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano don kurame da makafi aka tsara su, da maganar hannu da rubutun makafi. Wanda ya girma ya yi ƙarfi, ya fara duka ko fita ba sanarwa, wani lokaci gidan mari ne makomarsa. Da 'yan sanda suka fasa wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, kowa ya yi tir da masu gidan. Kaɗan ne suka tambayi inda aka tanadar wa iyayen su kai 'ya'yansu.

Yanzu kuma ga wayar hannu ta kawo mana tsohuwar ƙaryar nan ta Ingila, wai rigakafi ke jawo galahanga. Likitan da ya ƙirƙiro ta a 1998, Andrew Wakefield, an ƙwace lasisinsa a 2010, mujallar da ta buga ta janye rubutun. Amma a Arewa, inda aka taɓa ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, irin wannan magana ba ta wahalar samun masauki.

Dokoki dai sun sauya. An sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, sannan a Janairun 2023 aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta binne ta 1958. Sai dai doka ba ta duba yaro. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, na yara a cikinsu 'yan ƙalilan ne, kuma kullum wasu na haɗa kaya zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Masu koyar da magana sun fi su ƙaranci. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma abin da gwamnatin tarayya ke warewa yakan tsaya wajen kashi biyar, kuma sama da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Cibiyoyin da ke koya wa irin waɗannan yara magana da zama cikin mutane akwai su a Legas da Abuja, da ɗaiɗaiku a Kano da Kaduna, yawancinsu iyayen da abin ya shafa ne suka buɗe da kuɗinsu, kuma kuɗin zango ɗaya a wasunsu ya fi albashin wata da watanni na ƙaramin ma'aikaci.