Jan jatan lande

Jan jatan lande, wanda masana ke kira Neocaridina davidi, ƙaramin jatan lande ne da ke rayuwa a ruwan da babu gishiri. Asalinsa daga gabashin ƙasar Sin da tsibirin Taiwan yake, kuma yana cikin dangin Atyidae. A rafukan da ya fito launinsa ruwan ƙasa ne mai ratsin kore. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen mafi ja suna haɗa su, har aka samu irin da ake ajiyewa a tankin gilashi a gida domin ado. Tsawonsa ba ya wuce santimita 4, kuma yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu a raye.

Ɗabi'a

Ba ya faɗa, kuma ya fi sakewa idan yana cikin 'yan uwansa da yawa. Yakan wuni yana tsintar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ragowar abinci a kan duwatsu da tsirrai. Idan ya firgita sai ya naɗe wutsiya ya yi tsalle da baya.

Yayin da yake girma yana yin saɓa, wato ya tuɓe tsohon ɓawonsa. A lokacin jikinsa na da laushi, don haka yakan ɓuya har sabon ɓawon ya yi ƙwari. Masu fara kiwo sukan ga tsohon ɓawon su ɗauka gawa ce. Ɓawo garai yake, babu komai a ciki, amma gawa tana da nama. Ba a kwashe ɓawon, domin su da kansu suke cinye shi.

Bambance mace da namiji

Mace ta fi girma da kauri, launinta kuma ya fi ja. Ƙasan cikinta a lanƙwashe yake, mai faɗi, inda take riƙe ƙwai. Namiji siriri ne, cikinsa a miƙe, launinsa a kwaɗe. Babbar alamar mace ita ce tabo rawaya ko kore a bayan kanta, wanda ake kira sirdi saboda siffarsa. Ƙwai ne da ba su sauko ba tukuna. Kafin su balaga, bambance su yana da wuya.

Haihuwa

Barbara tana zuwa ne bayan mace ta yi saɓa. Takan saki wani sinadari a ruwa, maza su yi ta zagaye tankin da sauri suna nemanta. Amma idan maza da mata duka suka rikice da yawo, galibi ruwan ne ya gurɓace. Mace tana ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙasan ciki na kimanin mako uku, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta. 'Ya'yan sukan fito da cikakkiyar siffar iyayensu.

Kulawa

Sinadarin jan ƙarfe da ke cikin wasu magungunan kifi yana kashe su, haka ma canza ruwa mai yawa farat ɗaya. Yawancin kifaye suna cin 'ya'yansu, saboda haka ana cika tankin da tsirrai masu duhu inda za su ɓuya.