Tarihin Ilimin Karo: Daga Ibn Sina zuwa Titunan Wagadugu

Ilimin karo reshe ne na kimiyyar fiziks da ke bincikar abin da ke faruwa a ɗan lokacin da abubuwa biyu suka gwabza: irin ƙarfin da kowanne ya sha, da yadda gudunsa ya sauya. Tsohuwar tambayarsa ita ce ta karon babba da ƙarami. Kowa ya san ƙarshen haɗuwar ƙwai da dutse, shi ya sa ake ɗauka cewa babban ne ya fi dukan ƙaramin. Awo bai yarda da haka ba. Ƙarfin da babba ke ɗora wa ƙarami daidai yake da wanda ƙarami ke ɗora wa babba, ba ragi ba ƙari. Inda suka rabu shi ne abin da ƙarfin ke yi wa kowannensu. Masana sun kwashe kusan shekara 2,000 suna kai-komo kafin su cimma wannan amsa.

Magabata

Aristotal na Girka ya koyar cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, kuma wai iska ce ke ci gaba da ingiza dutsen da aka jefa. A ƙarni na 6, John Philoponus na Iskandariya ya musanta haka, ya ce mai jifa ne ke zuba wani ƙarfi cikin dutsen. Ibn Sina (980–1037) ya ɗora a kai a littafinsa Kitab al-Shifa, inda ya ce wannan ƙarfi ba ya ƙarewa don kansa, sai wani abu kamar iska ya ci shi. A ƙarni na 14, Jean Buridan na jami'ar Paris ya ƙara da cewa yawan ƙarfin ya danganta da abu biyu, nauyi da gudu. Wannan ne tushen abin da ake kira yawan motsi a yau, wato nauyi sau gudu.

Kuskuren Descartes da gyaran Huygens

A 1644 Bafaranshen masani René Descartes ya fitar da dokoki bakwai na karo, yawancinsu kuma ba su yi daidai ba. Ta huɗu ta fi ba da mamaki: ya ce ƙaramin abu ba zai taɓa gusar da babban da ke tsaye ba, komai gudun da ya zo da shi. Matsalar lissafinsa ita ce bai kula da inda abu ya dosa ba. A wurinsa mai tafiya gabas da mai tafiya yamma duk ɗaya ne.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Christiaan Huygens na Holan, tun a shekarun 1650. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya sa a ƙaddara mutum tsaye cikin jirgin ruwa mai tafiya, yana gwara ƙwallaye biyu da ke rataye a zare, wani kuma yana bakin kogi yana kallo. Karo ɗaya ne, amma kowannensu yana ganin gudu daban, kuma dole doka ta yi daidai a idon su biyun. Da wannan ya fitar da amsar karon abubuwa masu nauyi daban-daban. A 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta nemi a kawo mata dokokin karo. John Wallis da Christopher Wren suka miƙa nasu kafin shekarar ta fita, na Huygens ya iso a farkon 1669. Dukansu sun haɗu a kan abu ɗaya: jimillar yawan motsi kafin karo ita ce jimillarsa bayan karo, muddin an kula da alƙiblar kowanne.

Isaac Newton ya maimaita gwajin da ƙwallayen ƙarfe, da na gilashi, da na ulu da aka ɗaure tamau, rataye a igiya mai tsawon ƙafa 10. A littafinsa Principia na 1687 ya tsara abin cikin dokoki. Ta uku ta ce duk abin da ya turi wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da haka. Ta biyu kuma ta nuna cewa idan ƙarfi ɗaya ne, mara nauyi ne gudunsa zai fi saurin sauyawa.

Sauran gardama ita ce ta ɓarna. A 1722 Willem 's Gravesande na Leiden ya riƙa sako ƙwallayen tagulla cikin ɗanyen yumɓu yana auna ramin da suka bari. Ya tarar idan gudu ya ninka biyu, ramin yakan ninka huɗu. Masaniya Émilie du Châtelet ta kafa hujja da wannan a littafinta na 1740, cewa ɓarna na bin gudu sau gudu ne, ba gudu kawai ba.

Zamanin mota

Injiniyoyin ƙarni na 20 sun ga ba su da yadda za su yi da dokar Newton, amma suna iya tsawaita lokacin karon. Idan nisan da jiki ke tsayawa a cikinsa ya ninka goma, ƙarfin da zai sha ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Bayan mutuwar Baturen Birtaniya T. E. Lawrence a haɗarin babur a 1935, likitan ƙwaƙwalwa Hugh Cairns ya bi diddigin raunukan sojojin Ingila masu tuƙa babur, ya wallafa sakamakon a 1941, aka kuma wajabta musu hular kwano. Injiniya Béla Barényi ya tsara mota mai gaba da bayan da ke lotsewa da gangan don su shanye bugu, Mercedes ta fara sayar da irinta a 1959. A shekarar ce kuma Volvo ta fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro.

A Wagadugu

Ana ganin karon babba da ƙarami a aikace a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda ya yi suna da yawan babura da kekuna, har manyan titunansa suna da layi na musamman a gefe don masu ƙafa biyu. Ƙasar ba ta da teku, don haka kayanta kan shigo ne daga tashoshin jiragen ruwa na Abidjan da Tema da Lome, akasari a kan tireloli. Haka nauyi mafi girma da mafi ƙanƙanta suke haɗuwa a mahaɗar titi ɗaya.

Hausawan birnin na cikin waɗanda wannan haɗuwa ta shafa. Tsohon zangonsu, Zangwetin, ya samo asali daga fataken goro da ke bi ta ƙasar Mosi zuwa Gwanja, kuma a da yana tsakiyar gari ne, kusa da babbar kasuwa. A 2003 aka rushe shi tare da wasu unguwanni don aikin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA, aka mai da mazauna gefen gari, wuraren Nioko da Ouaga 2000. Wanda da yake taka sayyada zuwa rumfarsa ya koma hawa babur safe da yamma. Haka su ma mutanen unguwar Zongo da ke yammacin birnin, ɓangaren da hanyar Bobo-Dioulasso ke shigowa da manyan motoci.

Lissafin a bayyane yake. A ƙaddara tirela mai tan 40 ta yi taho-mu-gama da babur wanda shi da mahayinsa suka kai kilo 200, kowanne yana gudun kilomita 40 a awa. Nauyin tirelar ya ninka na babur sau 200. Bayan karo, gudun tirelar bai ragu da ko rabin kilomita a awa ba, direba na iya jin ƙara kawai da ɗan girgiza. Babur kuwa ya tsaya cak, ya juya baya da gudun tirelar, sauyin da ya kusa kai kilomita 80 a awa cikin ƙiftawar ido. Ƙashi da ƙwaƙwalwa ba sa iya jure wannan. Abin da ya rage wa mahayi shi ne ɗan soson da ke cikin hular kwano, mai kaurin 'yan santimita, wanda ke matsewa ya ba kai ɗan ƙarin lokacin tsayawa.

Duk da haka hular ba ta samu karɓuwa cikin sauƙi ba. A watan Satumbar 2006, da 'yan sanda suka fara tilasta sa ta a Wagadugu, matasa sun fito zanga-zanga har hukuma ta sassauta. Ranar 15 ga Nuwambar 2008 wata bas ta yi karo da babbar mota kusa da Boromo, a kan hanyar Bobo-Dioulasso, wuta ta tashi, mutane fiye da 60 suka rasu. Tun daga nan ranar ta zama ta faɗakarwa kan kiyaye haɗurra a ƙasar, aikin da hukumar ONASER ke jagoranta.

Matakan baya-bayan nan sun fi karkata ga raba masu nauyi da marasa nauyi tun kafin su haɗu. Hukumomin birnin sun ƙayyade lokutan da manyan motoci za su bi ta cikin gari, a 2018 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar kewaye mai tsawon kusan kilomita 125, don tirelolin da ke wucewa zuwa Mali da Nijar su zagaye birnin ba tare da sun ratsa unguwanni ba.