Marisuwa da Korona a Kan Hanyar Birnin Gwari

Birnin Gwari garin hanya ne tun asali. Kafin a shimfiɗa kwalta, kafin ma a taso daga tsohon gari a dawo inda muke zaune yanzu, ayarin fatake da ke fitowa daga Kano da Zariya zuwa ƙasar Nufe ta nan suke bi. Su sauke jakuna, su kwana, su yi guzuri, su wuce. Baturen nan Clapperton ma ta wannan hanya ya ratso a 1826 da zai je Kano da Sakkwato. Abin da hanya ta kawo da shi muke rayuwa, kanwa da gishiri da goro da tufafi da labari, kuma ciwo ma ta nan yake shigowa. Annobar numfashi biyu ce mutanen ƙasar nan suka riƙe sunansu, tsakaninsu shekara 102. Ta farko ta ɗebi mutane ta bar kasuwa, ta biyu kuwa a wajenmu kasuwar ta fara kayarwa.

Marisuwa ta zo a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Agusta na 1918 ta sauka a Firitawun ta ƙasar Saliyo, ta bi gaɓar teku daga wannan tashar jirgin ruwa zuwa waccan, ranar 14 ga Satumba jirgin da ake kira Bida ya shigo Legas da marasa lafiya a cikinsa. Da a zamanin jaki ne, da sai ta yi watanni kafin ta ga Kwara. To amma shekaru kaɗan kafin nan an gama dogo har Kano, ta Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya, ga shi kuma a 1917 Turawa sun mayar da hedkwatar Arewa Kaduna, ma'aikata da sojoji da leburori suna ta kai da komo. Cikin 'yan makonni ciwon ya iso Arewa. Dogo bai ratsa garinmu ba, sai dai ya zagaye mu ta kudu da gabas, kuma duk wanda ya sauka a tasha da ƙafa yake ƙarasawa gida, yana kwana a zangon da fatake ke kwana, yana sha a ƙwaryar da kowa ke sha.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Najeriya ta rasa mutum wajen rabin miliyan daga cikin kimanin miliyan 18, kusan 200,000 a lardunan Arewa. A duniya ana maganar miliyan 50. Duk wanda ya san yadda ƙauye yake ya san adadin Arewa ya gaza. Hukumar wancan zamani magidanta masu biyan haraji ta fi sani, su ne ke cikin littafi. Jaririn da ya mutu kafin suna, da tsohuwar da ke can tungar manoma, da Bafulatanin da ke ruga a tsakiyar daji, wa zai kai labarinsu?

Kakata ta wajen uwa tana 'yar yarinya aka yi ta, kuma da ita take ƙirga shekarunta har ta bar duniya. Ba ta cika son zancen ba, sai in an yi rasuwa a unguwa sannan take ɗan sakin baki. Ta ce ciwon da zazzaɓi yake farawa da ciwon kai, sai tari, sai ƙirji ya riƙe, mutum ya kwanta Laraba a kai shi Juma'a. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne waɗanda ya ɗauka. Yara irinta da tsofaffi da yawa sun tashi, majiya ƙarfi ne suka tafi, samari da sababbin magidanta da mata masu ciki. Na daɗe ina ɗauka baƙin cikin rashin yayyenta biyu ne ya sa take ganin haka, sai daga baya na karanta cewa ko'ina a duniya haka ta yi, 'yan shekara 20 zuwa 40 ta fi kashewa.

Kuma da kaka ta zo. Gero ya shiga rumbu, dawa na tsaye a gona tana jiran yanka. Kakata ta ce a gonarsu dawa ta kai har tsakiyar hunturu ba wanda ya taɓa ta, tsuntsaye da birai suka ci rabonsu, saura ta zube. Gayya ba ta yiwu ba, don waɗanda za a gayyata su ne a kwance ko a kushewa. Makara ba ta komawa masallaci, daga wannan gida sai wancan. Yaƙi ya riga ya sa yadi tsada, likkafani ya gagara, aka koma rufe mutane da tsohon zane da tabarma. Zaman makoki ya zama ba shi da kan gado, tunda mai zuwa gaisuwa shi ma yana da gawa a gida. Magani kuwa rubutu ne da jiƙo da sirace, sai kunu in an sami mai damawa. Ta ce gidan da aka sami mutum ɗaya da ke iya tashi ya ɗebo ruwa ya hura wuta, nan aka fi tsira. Likitocin Turawa ma a lokacin ba su da abin da ya wuce jinya, ba a ma gano ƙwayar cutar ba sai a 1933.

Mu tuna shekara huɗu kacal kafin nan aka fita daga yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Kanawa ke kira Kakalaba. Jiki bai gama murmurewa ba. A Kudu, masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa rashin maza masu tada kunyar doya bayan annobar ya taimaka wajen yaɗuwar noman rogo a yankin Kwara ta ƙasa, saboda rogo bai cin aiki kamar doya. A nan abin da ya biyo baya shi ne raba marayu tsakanin dangi da aurar da zawarawa da zarar sun fita takaba. Kakata a hannun ƙanen ubanta ta ƙarasa girma. Haraji da jangali ba su mutu ba. Amma da ciwon ya lafa a farkon 1919, kasuwa ta ci, fatake suka ci gaba da wucewa.

Korona ni ganau ne. An tabbatar da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya a Legas. Ranar 26 ga Maris gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle ta awa 24, bayan kwana biyu gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa shi kansa ya kamu, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ta riƙe ragama. Aka rufe makarantu da kasuwanni da masallatai da majami'u, aka toshe iyakokin jiha, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka masu cin tara. Sai kwana biyu a mako ake ɗagawa a fita neman abinci. Haka aka zauna kwana 75, har 9 ga Yuni.

Wanda ya zauna a ofis ya tsara dokar yana hangen mai albashi ne da firij da famfo a gida. A cikin birnin Kaduna har kasuwannin wucin gadi aka buɗe a filayen makarantu. Mu kuwa dokar ta same mu a cikin wani kullen da ba gwamnati ce ta sa shi ba. Shekaru kafin Korona hanyar Kaduna, kilomita ɗari da ɗoriya, ta zama sai da addu'a da rakiya. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a Gwaska. A Fabrairun 2020 ɗin nan, makonni kafin kulle, 'yan sanda suka kai farmaki sansanin Ansaru a dajin Kuduru. Gonakin nesa da yawa an riga an bar su, mutanen ƙauyuka sun cika gari suna raɓe a gidajen dangi, ɗaki ɗaya mutum goma. A ce wa waɗannan su ba da tazara? Dokar dai ta tsare mutanen gari a gida, na daji kuwa babu wanda ya kai musu takarda.

Lokacin ma ya zo da muni. Afrilu da Mayu ne manomi ke fito da ragowar masara da dawa, ko ya kama akuya, ya kai kasuwa ya sayi taki da iri da maganin feshi. A takarda an ce motocin abinci da kayan gona za su wuce. A kan hanya, kowane shinge da farashinsa, direbobi da yawa suka ajiye mota. Maƙwabcina a Magajin Gari, ɗan awo ne, ina kallonsa ta kan katanga yana kwance buhunan masara yana shanyawa a kan leda don ƙwari sun fara shiga, yana ɗibar tsaba a tafin hannu yana busawa gari na tashi. Manyan 'yan kasuwar da ke zuwa daga Kudu da Dawanau ba su zo ba, sai mai 'yan kuɗi a gari ya taya yadda ya ga dama.

"Malam," ya ce mini, "ga abinci har rufin ɗaki, amma kuɗin gishiri sai na ci bashi."

Ya sayar da arha ya sayi taki da tsada. Da damina ta yi nisa masara ta yi tashin gwauron zabo a faɗin ƙasa, har Babban Banki ya hana masu shigo da ita canjin dala a watan Yuli, har a Satumba gwamnatin tarayya ta ba da umurnin fitar da tan 30,000 daga rumbunta don masu abincin kaji. A lokacin rumbun maƙwabcina fayau yake.

Shi ma da sauƙi. 'Yan dako, 'yan kamasho a tasha, 'yan acaɓa, mahauta, mata masu ƙosai da awara da 'ya'yansu ke kai talla makaranta, duk hannu baka hannu ƙwarya ne. Adashin matan unguwarmu ya watse a wata na biyu, waɗanda kwasarsu ke ƙarshe har yau wasu ba sa ga maciji da juna. Yara da aka sallama daga makaranta wasu suka nufi ramukan zinare, ba duka suka koma aji ba. 'Yan mata da dama aka ɗaura musu aure a zaure, mutum biyar da goro, iyayen ango har suna murnar rage kashe kuɗi.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu cikin kulle. Ba tafsiri, ba asham a masallaci, ba Juma'a, Ƙaramar Salla ta wuce shiru. Maniyyatan da suka sayar da shanu suka biya kujera suka ji cewa Saudiyya ta taƙaita Hajjin shekarar ga mazauna ƙasarta. Abin da dattawa suka kasa haɗiyewa shi ne ta'aziyya: a ce an yi rasuwa, kar a taru, kar a yi musabaha. Wannan kam an karya ta a ɓoye da bayyane, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba.

Da yawa a nan sun ce ciwon na masu hawa jirgi ne, wasu suka ce babu shi sam, hanyar cin kuɗi ce. Ban yarda da su ba. Shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ya rasu ranar 17 ga Afrilu. A Kano masu haƙar kabari ne suka fara kokawa kan yawan gawarwaki, aka rasa malaman jami'a da dattawa a jere, Sarkin Rano ya rasu a farkon Mayu. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an binciki mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama Korona ce. A unguwarmu ma tsofaffi sun yi ta tari da zazzaɓi, wasu suka daina jin ƙamshi, aka yi ta siracen darbejiya da shan citta da lemon tsami, wasu suka rasu aka ce ajali. Gwaji sai an kai samfur birni ta waccan hanyar, kuma mutane na tsoron a killace su. Don haka adadin hukuma na mamata dubu uku da 'yan kai a duk ƙasa, ina kallonsa yadda nake kallon na 1918.

Sai dai mai cewa dokar ta fi ciwon zafi shi ma yana da hujja. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, fiye da waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin, 12 daga ciki a jihar Kaduna. Tallafin da aka yi ta shela a rediyo, abin da ya iso layinmu bai wuce 'yan mudu na shinkafa da taliya ba. A watan Oktoba da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, har da Kaduna, aka ga buhuna jibge, sai zargin da ke zukata ya sami gindin zama, ya kuma bi allurar rigakafi da ta zo a 2021.

Tsugune ba ta ƙare ba. A ƙarshen daminar 2021 gwamnatin jiha ta sake dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru, wannan karon don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai. Aka hana hawa babur, aka hana saran itace, aka katse layukan waya na kusan wata biyu. Mutanen da ba su gama biyan bashin kullen Korona ba suka sake shiga wani. Kasuwar shanu ta Kara kuwa, wadda ta yi shekaru a rufe tun kafin annobar, sai a ƙarshen 2024 gwamna Uba Sani ya buɗe ta bayan sulhun da aka yi. Maƙwabcina ya koma awo, amma yanzu da jarin wani yake juyawa, ana raba riba.