Tashar Rediyon Da Ake Haɗiyewa

Na fi shekara goma ina zama gaban makirufo, amma ban san sana'armu tana da 'yar uwa a cikin hanjin mutum ba sai da gwaggona ta kwanta. Jini ke ƙare mata. A ƙara, bayan wata biyu ya sake yin ƙasa. Aka zura mata tiyo mai kyamara ta baki, aka zura ta ƙasa, ba a ga komai ba. Likita ya ce tsakanin inda tiyon sama ya tsaya da inda na ƙasa ya kai akwai ƙaramin hanji, kusan mita 6 a nannaɗe, kuma nan idonsu ba ya isa. Ya ce akwai wata ƙwaya mai kyamara da ake haɗiya, amma ba su da ita. Abin da ya sa ni bin asalinta ke nan.

Likitoci sun daɗe suna neman leƙa cikin mai rai ba tare da wuƙa ba. A 1868 wani Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya samo mai wasan haɗiyar takobi ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe har tumbi. Bututun ya shiga, amma duhu ya hana gani.

Abin da ya buɗe wata ƙofar daban shi ne tiransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ita ce kuma ta mayar da akwatin rediyo abin sawa a aljihu. A 1957, a ƙasar Suwidin, Bertil Jacobson da Stuart Mackay suka haɗa 'yar na'urar aika saƙo da za a iya haɗiyewa. A shekarar dai, a birnin New York, Vladimir Zworykin, ɗaya daga cikin iyayen talabijin, shi da likita John Farrar suka fito da tasu. Ni da na karanta yadda take aiki sai na yi dariya, don tasha ce sosai: ga batir, ga zangon da take watsawa, ga mai saurare a waje da eriya. In hanji ya matsa ta, zangon ya ɗan gusa, sai a rubuta. Shirin nata ke nan kaf, babu hoto. Irin wannan ƙwaya, mai auna zafin jiki, ɗan sama jannati John Glenn ya haɗiya a 1998, yana da shekara 77.

Hoto sai da ya jira fiye da shekara arba'in. Wanda ya dage a kai, Gavriel Iddan, injiniya ne a Isra'ila, aikinsa haɗa idon makamai masu linzami. Wannan bai yi mini daɗin ji ba, amma haka tarihin yake. Kyamarorin lokacin suna shanye batir nan da nan, sai da aka samu ƙanana marasa cin wuta da 'yan fitilu farare. Likitan Ingila Paul Swain, da ya haɗa kai da shi, shi ya fara haɗiyar ƙwayar a 1999. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2001, daga baya aka san ta da PillCam: tsawonta milimita 26, hoto biyu duk daƙiƙa, na kusan awa 8, suna sauka a na'urar da aka ɗaura wa mutum a ƙugu.

Ba na son a zuzuta ta. Irin wadda aka fi amfani da ita ba ta da matuƙi, inda hanji ya tura ta nan take bi. Ba ta yanko tsoka a gwada, ba ta tsayar da jini, kuma tana iya maƙalewa inda hanji ya tsuke.

Gwaggo har yau maganin ƙarin jini take sha, muna tara kuɗin tafiya. Da na ba ta wannan labari, sai ta ce, "To ɗan nan, in ta fito wa zai ɗauko?" Na ce ba a ɗaukowa, sau ɗaya ake amfani da ita. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Duk kuɗin nan, a masai?"